Sai An Yi Suna

Ni na fara yi wa Zahra dariya, kuma gara in faɗa da bakina tun yanzu. Sunana Hasiya, ɗinki nake yi a gidanmu da ke Gada Biyu, kuma duk wanda ya san ni ya san bakina ba ya ajiye magana. Zahra matar ƙanena Uzairu ce. Ta haihu ranar wata Talata cikin watan Agusta, a ɗakinta, namiji, ɗan fari. Da mahaifiyarta na da rai da can gidansu za ta yi wanka, amma ta rasu tun Zahra na sakandare. Saboda haka jegon ya dawo hannunmu, ni da Inna, mahaifiyarmu.

Wanda ya san Jos a watan Agusta ya san ruwa ba ya ɗaukewa, rana kuwa sai ka yi kwana huɗu ba ka ga fuskarta ba. Muka rufe tagar ɗakin mai jego, muka saki labule mai kauri, muka ajiye kaskon garwashi a lungu. Jaririn kuma muka naɗe shi cikin shawul biyu da hula da safa, hancinsa kaɗai ake gani.

Ranar Alhamis na kai mata kunun kanwa, sai ta riƙe bakin zanena. Ta yi ƙasa da murya kamar mai roƙon bashi, ta ce, "Yaya, don Allah ki duba idon yaron nan. Ni dai gani nake kamar ya yi ruwan ɗorawa."

Ko kallon yaron ban yi ba. Na ajiye kwanon na tafa hannu, na ƙwala wa Inna kira ta zo ta ji abin mamaki. Kwana biyu da haihuwa, ɗan fari, har an fara buɗe masa ido ana leƙawa! Na ce 'yan matan yanzu dai kunya ta yi musu ƙaura. Inna ta tsaya bakin ƙofa tana murmushi, ta ba da labarin da na ji ya fi sau ɗari: yadda da ta haife ni, ni ce 'yar farinta, sai da Goggonmu ta yi mata tsawa kafin ta yarda ta ba ni nono a gaban mutane. Har yau ɗin nan Inna ba ta taɓa kiran sunana ba. "Ke" take ce min, ko "waccan". Da wannan nake yi wa mutane taƙama, ina cewa mu 'yan gidan kunya ne.

Zahra ta sunkuyar da kai ta ce mu yi haƙuri. Ta tura yaron can ƙarshen gado, ta juya masa baya don mu gani.

Washegari Inna ta ɗaga shi a hasken fitila, ta jujjuya, ta ce babu komai, fari ne, kakansa ya ɗauko. Mahaifinmu marigayi fari ne tas, don haka maganar ta yi wa kowa daɗi. Ta ce in ma shawara ce, wane jariri ne ba ya yi? Ta jiƙa wasu saiwoyi da ta saba jiƙawa, aka ɗiga masa a baki, aka ce in rana ta fito a shanya shi kaɗan. Ranar ba ta fito ba.

Ranar Asabar maƙwabciyarmu Nkechinyere ta shigo barka da sabulu da hoda. Shagon kayan masarufi gare ta a jikin katangarmu, mun fi shekara goma tare, ko lokacin da gari ya rikice ba ta tashi ba. Tana karɓar yaron ba ta zauna ba. Ta nufi taga ta yaye labulen nan namu, ta zare masa hula, ta danna hancinsa da yatsa ta saki. Ta buɗe ƙirjinsa ta sake dannawa. Sai na ga fara'arta ta ɗauke.

"Mama, wannan yaro jikinta ya yi yelo sosai. Ku kai ta asibiti yau-yau, kada ya kai gobe."

Ta ce ɗanta Okey haka ya yi, kwana uku kawai aka sa shi ƙarƙashin wata fitila mai shuɗin haske ya warware, ga shi nan yanzu yana aji biyar. Ta ce in babu mai zuwa ita za ta rufe shago ta raka mu. Inna ta yi mata godiya sosai, har da sa mata albarka, ta ba ta goro. Tana fita Inna ta mayar da labulen, ta ce su dama haka suke, ko atishawa yaro ya yi sai asibiti, kowa da al'adarsa. Mai jego da jaririn da ko suna ba shi da shi ba sa taka waje kafin kwana bakwai. Idan an yi suna a kai shi duk inda za a kai shi.

Ni kuma me na yi? Na tashi tsakiyar ɗaki na riƙe ƙugu ina kwaikwayon Hausarta, "ku kai ta, ku kai ta". Matan da suka zo barka suka yi ta dariya har da masu share hawaye. Zahra kaɗai ce ba ta yi ba. Idonta na kan ƙofar da Nkechinyere ta fita.

Ranar Lahadi yaron ya daina kama nono. Zai ɗan tsotsa sau biyu ya saki, ya koma barci. Ƙirjin Zahra ya cika ya yi tauri, rigarta duk ta jiƙe. Da ta gaya wa Inna, sai Inna ta ce ta gode wa Allah da Ya ba ta mai haƙuri, wasu matan kwana suke a tsaye da jariri. Ta ce yunwa za ta tashe shi.

Da hantsi na shiga neman almakashina, na same ta ta rungume shi tana tatsa a cokali tana ɗiga masa, tana yi masa magana ƙasa-ƙasa, hawaye na sauka a kan shawul ɗin. Wallahi na ga hawayen nan da idona. Da na zauna kusa da ita minti ɗaya na tambaye ta, da yanzu wani labarin nake bayarwa. Amma sai na leƙa tsakar gida na ce jama'a ku zo ku ga soyayya, yau ga wadda ta fi kowa iya haihuwa. Tun daga lokacin, in ta ji takun mutum sai ta yi maza ta ajiye shi ta kama wani abu. Mun mayar da ita mai satar ɗaukar ɗanta.

Litinin gidan ya cika. Dangi sun iso daga Bauchi da Kano, an kafa tukwane a tsakar gida ƙarƙashin rumfar leda, ana gyaran shinkafa. Uzairu ya dawo daga Katako, inda yake sayar da katako, yana jan wani rago mai ƙaho wanda ya yi kwana uku yana yabonsa. Zahra ta aika a kira shi. Ya tsaya daga bakin ƙofa, ƙafa ɗaya a waje, yana waiwaye kada Inna ta gan shi a ɗakin mai jego. Ina jin su daga inda nake. Ya ce ya yi wa Inna maganar asibiti, ta ce babu komai, shi kuma ba zai tsaya gaban mahaifiyarsa yana jayayya a kan ɗan fari ba, da wane ido zai dube ta? Ya ce an raba goro, an gaya wa liman, mutane sun baro garuruwansu. Idan aka je asibiti aka riƙe su, da wa za a yi sunan?

"Ki yi haƙuri, gobe ne kawai. Jibi da kaina zan kai ku."

Yana fita ya koma wajen ragonsa.

Can bayan azahar ina kan keke, ɗinkin anko ya sha min kai, sai ga Zahra ta fito, abin da ba ta yi ba tun da ta haihu. Tana tafe tana dafa bango. Ta durƙusa a gefen kekena, gwiwa biyu a kan sumunti mai sanyi, mace mai ɗanyen jiki. Ta ce ta yarda ita ba za ta fita ba, za ta zauna a ɗaki yadda Inna take so. Ni in ɗauke shi in kai shi asibiti, ko in bi Nkechinyere. Ta ce ni babbar 'ya ce, in na ce zan kai shi babu mai hana ni, kuma ba wanda zai ce na yi rashin kunya tunda ba ni na haife shi ba.

Gaskiya ta faɗa. Babu wanda zai hana ni, ko Inna shakkar bakina take yi. Na dubi tarin atamfar da ke gabana na ce, "Zahra, riguna bakwai suka rage min, kuma gobe za a sa su. Ki tashi kada sanyi ya shige ki."

Akwai abin da ban taɓa gaya wa kowa ba. Da yammar nan na ɗauko yaron na fito da shi bakin ƙofa don in gwada masa 'yar rigar da na ɗinka masa ta suna. Na cire masa safa. Tafin ƙafarsa rawaya ne shar, kamar an shafa masa kurkum. Na ɗaga hannunsa na saki, ya faɗi yaraf. Na san wannan ba fari ba ne. Na tsaya da shi a hannu ina jin hayaniyar mata da ƙamshin suya, na tuna na riga na yi wa Nkechinyere dariya a gaban kowa, na yi wa Zahra dariya a gaban kowa. Idan na ce a tafi asibiti yanzu, ni ce zan zama abin dariyar. Na mayar masa da safar, na ce a raina kwana ɗaya dai ba zai yi komai ba.

An yi suna, kuma suna ya yi kyau, kowa ya faɗa. Da safe aka raɗa masa Zainulabideen, sunan mahaifinmu. Inna ba za ta iya faɗar sunan mijinta ba, mu ba za mu iya faɗar na ubanmu ba, Zahra kuwa abin ya zame mata biyu, ga ɗan fari ga sunan suruki. Nan take aka sa masa Abba. Wanzami ya yi masa aski, ko motsi bai yi ba, maza suka ce jarumi ne. Da la'asar mata suka yi ta miƙa shi hannu zuwa hannu. Wannan ta ce kai, wannan yaro da haske yake kamar Balarabe. Waccan ta ce ga shi shiru-shiru, ba ruwansa da rigima. Ni ce nake amsa musu, ina cewa ai jininmu ne.

Zahra na zaune a kan kujera cikin leshi, an yi mata lalle da ɗauri, mai hoto yana cewa ta ɗan yi murmushi. Hoton yana nan a falon Inna. Duk muna kallon mai hoto cikin ankonmu, riguna sun zauna ɗas. Ita kaɗai ce ta karkata kai tana kallon hannun matar da ke riƙe da yaron.

Laraba da sassafe, ana wanke tukwane, muka ji wani kuka daga ɗakinta, siriri mai tsini, irin wanda ban taɓa ji daga bakin jariri ba. Muka shiga muka tarar ya sanƙare, ya banƙare baya, kansa na neman taɓa dugadugansa. A wannan karon ba wanda ya yi maganar kunya. Uzairu ya fita da gudu ba takalmi ya taro tasi a bakin titi.

A asibiti likitan ya duba shi bai fi minti biyu ba, ya sa aka wuce da shi ciki da sauri. Sannan ya juyo ya tambaye mu yaushe aka fara ganin idon ya canja. Uzairu ya dubi ƙasa. Ni ma na dubi ƙasa.

"Alhamis," in ji Zahra.

Likitan ya ƙirga da yatsunsa, ya cire tabarau. Ya fuskance ta ita kaɗai, ya wanke ta tas. Ya ce ke wace irin uwa ce, kina kallon ɗanki kwana shida yana narkewa a hannunki? Ya ce da ranar Juma'a ko Asabar aka kawo shi, fitila kawai za a sa masa. Yanzu ciwon ya hau kansa, sai an canja masa jini, kuma ko ya rayu ba ya ba mu tabbacin komai. Ya ce irinku ne kuke zaune kuna jiran biki.

Zahra ba ta ce Inna ce ta hana ba. Ba ta ce ta roƙi mijinta ba, ba ta ce ta durƙusa min ba. Ta tsaya da lallenta a hannu tana cewa, "Haka ne, likita." Ina tsaye kafaɗata na gogar tata. Ni da nake iya tsayar da kasuwa da bakina, na yi tsit, na bar ta ta ɗauka ita kaɗai.

Uzairu ya ba da jini, aka yi aikin, yaron ya rayu. Bayan sati biyu muka dawo gida, Inna ta yi sadakar waina, aka ce Allah Ya kiyaye gaba, an wuce wajen.

Ba a wuce ba. Wata huɗu wuyan Abba bai tsaya ba, Inna ta ce 'ya'ya maza dama nauyin jiki gare su. Wata takwas bai zauna ba, ta ce Uzairu ma sai da ya kusa shekara, alhali ni na goyi Uzairu, na san wata shida ya zauna. Jaririyar da aka haifa a gidan da ke kallonmu wata biyu bayansa ta yi rarrafe, ta miƙe, ta fara bin uwarta shago. Zahra takan zauna da shi a tabarma ta tokare shi da filo ta kowane gefe, ta saki a hankali, ya sulale. Ta sake tayar da shi. Haka za ta yi ta yi har rana ta juya.

Wata rana, yana da wata goma sha ɗaya, babban faranti na silba ya suɓuce daga hannuna ya faɗi dab da kansa. Ƙarar ta sa kaji suka watse, Inna ta fito daga ɗaki tana salati. Abba yana kwance yana kallon sama, ko ƙifta ido bai yi ba. Na ɗaga kai muka haɗa ido da Zahra. Ba ta yi mamaki ba. Ta daɗe da sani, tana ta tafa masa hannu a bayan kunne in ba kowa, ba ta dai gaya mana ba. Wa za ta gaya wa? Asibiti suka tabbatar: ba ya ji, kuma da wuya ya taka.

Kowa ya samo abin da zai riƙe. Inna ta ce ƙaddara ce, abin da Allah Ya rubuta ko a gadon asibiti aka haife shi sai ya same shi. Uzairu ya ce shi umarnin mahaifiya ya bi, ya koma fita tun da safe, ba ya dawowa sai an yi isha'i, ya sayo wa yaron keken guragu tun bai isa hawa ba. Dangin da suka ci shinkafar suna suka fara raɗe-raɗin ko a dangin uwar akwai irin wannan. Ni kuwa na shiga ɗinka masa kaya, riguna da huluna da matasai masu taushi, har akwatinsa ya ƙi rufuwa. Zahra takan karɓa ta ce an gode, Yaya. Ko sau ɗaya ba ta taɓa yi min gori ba, kuma wallahi da ta zage ni da na fi samun sauƙi. Nkechinyere ma ba ta taɓa cewa ai na gaya muku ba. Ita take raka Zahra kai Abba gashin ƙashi duk ranar Laraba, ni kuma in na hango ta a shago sai in canja hanya.

Ranar da ya cika shekara biyu Zahra ta shimfiɗa tabarma a tsakiyar gida, ta zaunar da shi a cinyarta, Inna na tsintar wake a gefe. Sai kawai ta buɗe baki, da ƙarfi, yadda har maƙwabta za su ji.

"Zainulabideen."

Waken ya zube daga hannun Inna. Na tsayar da keke. Sunan nan ba a taɓa faɗarsa a fili a gidan nan ba tun da aka gina shi. Zahra ta sake faɗa, ta kuma sakewa. Na jira Inna ta yi magana, sai ta sunkuya tana tsince waken daga ƙasa ɗaya bayan ɗaya.

Yau shekararsa huɗu, kuma kullum sai ta kira shi, ta sumbace shi a gaban kowa, ta goya shi ta fita duk inda ta ga dama ba ta tambayi kowa ba. Wata ma'aikaciyar asibiti ta koya mata ta riƙa ɗora tafin hannunsa a maƙogwaronta in tana magana, don ya ji motsin muryar. In ta yi haka ta kira sunan, sai ya washe baki, miyau na zuba, yana dariyar nan tasa marar sauti. Nakan zauna a kan keke ina kallonsu. Shekarata arba'in da uku da kunnuwana lafiya lau, ban taɓa jin uwata ta kira ni ba, kuma wannan abin ne na tsaya ina karewa har na mayar wa jariri safa a kan ƙafar da na gani da idona.

Shekaranjiya na kasa daurewa. Na bar ɗinkin na je na durƙusa a bakin tabarmarta, daidai yadda ta taɓa durƙusa min. Na gaya mata komai, har da maganar safar. Na ce ta yafe min in za ta iya.

Ta daɗe tana goge masa baki da gefen zanenta. Sannan ta ce ta sani, ta hango ni ta labule ranar, ta ga lokacin da na cire safar da lokacin da na mayar. Shekara huɗu tana gaishe ni kowace safiya da wannan a cikinta.

Ba ta ce ta yafe ba, ba ta kuma ce ba ta yafe ba. Ta ɗago shi ta ɗora min a cinya, ta kama hannunsa ta manna a wuyana.

"Kira shi, Yaya. Yana son ya ji."

Hannun nan ɗan ƙarami, mai ɗumi, yana kan maƙogwarona. Ya kafe ni da ido, ya fara washe baki tun kafin in ce komai, yana jira. Na buɗe baki, na rufe, na sake buɗewa. Muryar ta ƙi fitowa, shi kuma bai janye hannunsa ba.